Yadda Aka Yasar da Ni da Modi a Ingila

Jirgin ƙasa ya sauke mu da la'asar a wani gari na bakin teku a arewacin Ingila, ni da Modi, kowa da akwatin ƙarfensa. An ce mana wani Bature zai tarye mu riƙe da allo mai sunayenmu. Muka tsaya har tashar ta watse, ba Bature ba allo. Can wani ma'aikacin tasha mai jan hanci ya zo ya dube mu, ya dubi akwatunan, ya ce, "Stranded?"

Modi ya ɗauka sunan wata ƙasa ce. Ya dafa ƙirji ya ce, "No, Nijeriya."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, mu ma muka taya shi ba mu san abin da ake wa dariya ba. Shi ya karanta adireshin da ke hannunmu, ya sa mu a mota. Da na san abin da kalmar nan za ta zame mana, da ban buɗe haƙorana ba.

Ni Umaru, mutumin Danchadi ne, ina gyaran injin niƙa a kasuwar Bodinga. Modi ɗan Horo Birni ne, yana gyaran babura a Shagari. Wanda ya haɗa mu shi ne Alhaji Ladan, ɗan kwangila, wanda a lokacin siyasa ya samu aikin shigo da injinan ban-ruwa don fadamun yankinmu. Ya ce yana son samari biyu su je masana'antar da ke ƙera su a Ingila su koyi haɗawa da gyarawa, in an dawo mu ne manya. Da kansa ya kawo mu Landan ƙarshen damina. Ya sauka a otal, ya sa mu a jirgin ƙasa, ya karɓi tikitinmu na komawa gida ya ce zai ajiye mana don kada mu yar. Muka miƙa masa hannu bibbiyu, har muna godiya.

Masauki aka ba mu a gidan wata tsohuwa, Misis Dora. Watannin farko ba laifi. Sanyi dai ya hana mu sakewa, abinci kuwa dankali da safe dankali da dare, nama mun ƙi ci don ba mu san wanda ya yanka ba. Amma aikin ya yi mana daɗi. Modi yana da hannu. In ya ji ƙarar inji sau ɗaya ya san inda ciwon yake. A bayan masana'antar akwai manyan akwatunan katako na injinan Alhaji da aka rubuta wa Sokoto da baƙin fenti. Kullum in mun tashi cin abinci sai Modi ya je ya jingina da su, yana lissafa garuruwan da zai kai kowanne. Na farko, in ji shi, na gonar babansa ne, ko Alhaji ya so ko bai so ba.

Guzurin da aka ce zai riƙa zuwa duk wata ya zo sau ɗaya, bai sake ba. Muka buga waya otal, aka ce Alhaji ya daɗe da tafiya. Muka buga ofishinsa na Sakkwato, sai ta yi ta ƙara ba a ɗauka, ran da aka ɗauka kuma yaronsa ya ce ya tafi Ikko. Muka ce halin manya ne, muka yi haƙuri.

Ana shiga sabuwar shekara Misis Dora ta kira mu falo, ta nuna mana talabijin. Sojoji ne a titunan Ikko, babban birnin ƙasarmu a lokacin. Ba mu gane duk abin da ake faɗa ba, amma mun gane an tumɓuke gwamnati.

Bayan hutu manajan masana'antar ya kira mu ofis. Mutum ne mai sanyin magana, bai wulaƙanta mu ba. Ya ce Alhaji bai cika biyan injinan ba, bai biya na koyonmu ba, ya daina amsa saƙo, don haka koyo ya ƙare. Na ce to, a taimaka mana mu koma gida, tikitinmu yana wurin Alhaji. Ya ɗauki waya ya kira kamfanin jirgin sama a gabanmu. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ajiye ya cire tabarau. Tun makon da muka sauka aka mayar da tikitin aka karɓi kuɗin.

Tun makon da muka sauka. Ba juyin mulki ba ne, ba matsin tattali ba ne. Muna cikin jirgin ƙasa muna sa masa albarka, shi yana kan layi yana sayar da hanyarmu ta komawa. Manajan ya ce ya yi baƙin ciki, amma gaskiya mun zama "stranded". Wannan karon na sa ya maimaita, na sa ya rubuta min a bayan hannu. Na tambaye shi ma'anarta, ya ce mutumin da aka bari a wuri ba shi da hanyar gaba ba shi da ta baya. Takardunmu kuma ba su ba mu izinin yin aikin albashi ba.

Muka sayar da agogon Modi da rediyona muka tafi Landan, wani ofishi da aka ce yana sauraron 'yan ƙasarmu masu matsala. Ɗakin jira cike yake da ɗalibai, wasu da mata da jarirai, kowa da irin labarinmu. A bakinsu na ji kalmar tana yawo kamar sunan ƙabila. Wannan stranded ne tun bara, wancan sabon stranded ne. Sai yamma aka kira mu. Mutumin da ke bayan teburin bai ce mu zauna ba. Ya tambayi inda muka fito, Modi ya ce Shagari. Sai ya ɗago kai ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga mutanen garin shugaban da aka sauke. Ya ce ai mu mun ci namu, mu je mu tambayi waɗanda muka ci tare da su.

Modi, wanda gidansu ko kwanon rufi babu, wanda babansa ke jan ruwa da guga yana shayar da albasa. Na matsa gaba, Modi ya riƙe min riga ta baya. A hanyar komawa ban yi masa magana ba, don haushin riƙe ni da ya yi. Shi kuwa yana kallon taga, can ya ce, "Umaru, in ka buge shi, mi za mu samu? Kurkukun Turawa?"

Misis Dora ta bar mu a gidanta ba biya na wani lokaci, Allah ya saka mata. Amma ɗanta ya fara zuwa yana faɗa, yana buga ƙofa. Don ta taimake mu sai ta kira ɗan jaridar garin. Ya zo da mai ɗaukar hoto, suka ce mu tuɓe kwat ɗin da muke ciki mu sa rigunanmu na gida, mu ɗauki akwatuna mu je bakin teku. Iska ce ke yankan fuska kamar reza. Suka tsayar da mu kan duwatsu, suna cewa mu kalli ruwa, mu sunkuyar da kai, a sake, Modi ya daina murmushi. Ba murmushi yake yi ba, haƙoransa ne ke karo da juna. Mun daɗe a wurin cikin shadda ba komai a ƙasa.

Jaridar ta fito da hotonmu a shafin farko, kalmar nan a samanmu da manyan baƙaƙe. Sunayenmu duka an rubuta su ba daidai ba. Sunan Alhaji bai fito ba, wai suna tsoron shari'a. Yaran unguwa suka samu abin kira, in mun wuce su bi mu da shi. Wasu mutanen kirki sun aiko da tsofaffin riguna da gwangwanayen wake. Modi kuwa tun ranar ya fara tari.

Abu ɗaya na alheri hoton ya jawo. Ranar da ɗan Misis Dora ya fitar da akwatunanmu ƙofar gida, wani tsoho ya tsaya a gabanmu da jaridar a naɗe a hannu, ya yi mana sallama irin ta musulmi. Wata da watanni ban ji sallama daga bakin baƙo ba. Sunansa Salihu, mutumin Yaman, kowa na kiransa Ammi. Ya yi ƙuruciyarsa yana zuba gawayi a tukunyar jirgin ruwa, da ya tsufa ya buɗe gidan kwana na ma'aikatan jirgi kusa da tashar ruwa. Bai tambaye mu komai ba. Ya ɗauki akwatin Modi ya ce mu biyo shi.

A gidansa muka ci naman yanka, muka yi sallah cikin sahu a wani ɗaki na sama. Muna wanke kwanuka, muna share ɗakuna, ina gyara musu duk abin da ya lalace. Muna magana da guntun Turanci da guntun Larabcin allo, inda ya gagara a yi da hannu.

Wata safiya ina wanke tukunya na ce masa na tsani kalmar nan, ina ji kamar zagi ne. Ya ce ba zagi ba ne, maganar ma'aikatan jirgi ce mutanen tudu suka ara. Ya ja ni muka fita bayan tashar, ruwa ya janye, ga wani tsohon jirgi kwance kan yashi ya karkace, tsatsa ta cinye shi. Ya ce a tsohon Turanci gaɓar teku ita ce "strand". Jirgin da ya hau yashi, bai nitse ba, ba ya kuma iya tafiya, shi ake kira stranded. Haka ake ce wa babban kifin da ruwa ya tafi ya bari. Ya ce shi kansa sau ɗaya abin ya same su a wata gaɓa, suka zauna suna jiran ruwa ya dawo ya ɗaga su.

Na tambaye shi, in ruwan bai dawo ba fa? Ya ce sai mutanen gari su zo su kwance abin da ke da amfani, su bar sauran. Sannan ya ƙara da cewa a ƙa'idar teku, kowane irin kafiri ne kyaftin, ba ya sauka sai ƙaramin ma'aikacinsa ya sauka. Wanda ya riga mutanensa gudu ba ya sake riƙe jirgi, ba kuma mai sake zama teburi ɗaya da shi. Na koma na ci gaba da goge tukunyar har yatsuna suka yi jini.

Bayan 'yan kwanaki ina tashar bas, zan je sayo wa Modi maganin tari, wata mata da jakar cefane ta rasa motarta da ɗan kaɗan. Ta juyo tana dariya tana ce min ga shi ta zama stranded. Wata motar na zuwa kafin ta gama gyara gyalenta. Ba ta yi min laifi ba, baiwar Allah, amma na tsaya ina kallonta har ta tsorata ta matsa. Ashe kalma ɗaya ce suke ba wanda bas ta wuce da wanda aka sayar da hanyar garinsu.

Tarin Modi ya koma zazzaɓi, zazzaɓi ya sauka ƙirji. Ya ɓoye min har sai da ya faɗi a matakala. Ammi ya kai shi asibiti, suka karɓe shi, kuma sun yi iya ƙoƙarinsu, ba zan yi musu ƙarya ba. Ranar Juma'a bayan sallah Ammi ya tashi ya yi wa ma'aikatan jirgi magana, Yamanawa da Somaliyawa, mutanen da su ma ba su da shi. Aka zagaya da hula. Mako bayan mako ana yi, har abin ya isa tikitin mutum ɗaya. Na je asibiti na gaya wa Modi na shi ne, ya warke ya tafi, ni zan biyo baya. Ya ce ni ke da mata da ciki, shi gwauro ne. Muka yi ta ja, ni ina faɗa, shi yana numfashi da kyar. Na ce masa taurin kansa ne ya hana shi faɗin ciwo tun da wuri. Har yau ina jin muryata a ɗakin nan.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "In ka tahi, ka hwaɗa ma Baba ban yi wasa ba. Na iya injin nan, Umaru. Ka hwaɗa mishi na iya."

Ya rasu kafin sanyi ya fita. Ni na yi masa wanka, Ammi yana zuba min ruwa. Ma'aikatan jirgi suka ɗauke shi zuwa wani gefe na maƙabartar garin da aka ware wa musulmi, ƙasar baƙa, jiƙe, tana manne wa shebur. Manajan masana'antar ya zo ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu. Misis Dora ma ta zo. Washegari muka buga waya ofishin Alhaji, don a duk wanda muka sani shi kaɗai ke da waya. Yaronsa ya ɗauka, na gaya masa, na sa ya maimaita sunan da garin, ya rantse zai isar.

Na dawo farkon damina da akwati biyu. Daga Ikko har Sakkwato layi nake gani, na sabulu, na madara, na sukari, soja da bulala a gefe. A Bodinga na sauka. Mutanen kasuwa suka kewaye ni, amma gaisuwar wani iri, ana yi ana kallon juna. Wani tela abokina ya ja ni cikin shagonsa ya tambaye ni ina na baro Modi, ko Baturiyar ce ta hana shi zuwa.

Na ce wace Baturiya?

Nan na ji sauran. Da iyayenmu suka dame shi da tambaya, Alhaji ya ce ya aika mana tikiti mun ƙi dawowa. Ya ce mun samu matan Turawa, mun bar sallah, Modi har giya yake sha. Surukaina sun so su raba aurena, matata Hajo ce ta ƙi, ta haihu a ɗakin uwata. Maganar rasuwa kuwa ba wanda ya ji.

Ban je gida ba. Na bar akwatunan a shagon na nufi gidan Alhaji. Motocinsa na nan an lulluɓe su da tamfol. Na same shi a zaure kan kilishi, fanka na kaɗawa, ya ɗan rame amma ba sosai ba. Da ya gan ni bai ko girgiza ba. Ya ce lale da mutanen Ingila, ya sa a kawo ruwa. Ya shiga ba ni labarin yadda soja suka rufe masa asusu, suka kira shi bincike, abokai suka guje shi. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Kai da ka ji Turanci, ni ma nan da kag gane ni stranded nike."

Ban san lokacin da na ture kofin ruwan ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, Modi ya rasu. An hwaɗa maka ko ba a hwaɗa maka ba?"

Ya ce an faɗa masa, yana neman lokacin da ya dace ne. Na ce lokacin ya yi, ya tashi mu tafi Horo Birni ya gaya wa uban da bakinsa. Ya ce ba ya iya fita gari yanzu, idanu na kansa. Ya kira a ɗauko buhun shinkafa in kai gaisuwa. Na fita na bar shi yana kiran sunana.

Da hantsi washegari na isa Horo Birni da akwatin Modi a bayan babur. Malam Hammadu, mahaifinsa, yana gona yana shuka. Da ya hango ni ya hango akwatin, sai ya juya baya ya ci gaba da aikinsa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa da kyau ba. Ya ce in ɗan nan ne ya aiko ni da kaya, in mayar masa, ba ya so.

Na gaya masa. Na gaya masa duka, daga tikiti har maƙabarta. Na ce Modi bai taɓa barin sallah ba, a zaune ya yi ta ƙarshe, kuma ya ce in faɗa masa ya iya injin.

Tsohon ya zauna kan kunya, ƙwaryar iri ta kife a gefensa. Ya tambayi wanda ya yi masa wanka, na ce ni. Ya tambaya ko an samu sahu, na ce an samu, na mutanen kirki. Ya tambayi watan da abin ya faru, na faɗa masa. Ya ƙirga da yatsu.

Ya ce, "Watan nan ina hushi da shi. Na hana uwatai ta ambaci sunanai cikin gidana. Kowace asuba ina yi ma ɗiyana addu'a ɗaya ɗaya, in na zo kainai in tsallake."

Bai yi kuka ba. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya shiga gida ya gaya wa matarsa, na ji ihunta daga waje. Aka zauna makoki. Ranar Juma'a ya sa farar rigarsa ya ce in kai shi Bodinga. Muka yi sallah, muka jira a bakin masallaci har Alhaji ya fito cikin jama'arsa. Malam Hammadu ya tare gabansa. Bai ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Ladan, ajali na Allah ne, ban bin ka ran ɗana. Amma ka sa na yi hushi da shi shina kwance shina mutuwa. Wanga ban yahe ba, kuma ba ni yahewa."

Alhaji ya fara cewa a yi haƙuri, a zauna a yi magana. Tsohon ya riga ya juya.

Ba abin da ya samu Alhaji. Bincike ya wuce, aka cire wa motoci tamfol, da siyasa ta dawo ya dawo da ita, mutanen da suka ji maganar nan da kunnensu suka ci gaba da cin tuwonsa. Injinan ba su taɓa zuwa ba. Malam Hammadu ya ci gaba da jan guga har ƙarfinsa ya ƙare. Ni na koma kan injin niƙa, daga baya da ƙananan injinan ban-ruwa suka shigo kasuwa na zama mai gyaransu, daga Danchadi har Kajiji. A duk shekarun nan ban sake gaishe da Alhaji ba, in ya biyo ta layinmu sai in sunkuya kan aikina.

Ranar da Alhaji ya mutu ina fadama ina gyara wa wani mai gona inji, hannuna cikin baƙin mai. Aka zo aka ce a tashi, za a yi jana'iza bayan azahar, gari duk ya tafi. Mai gonar ya tsaya yana jirana da babur. Na ce masa ya yi gaba, albasarsa na bukatar ruwa kafin yamma, kuma ban gama ɗaure injin ba.